Yadda Ake Sabunta Tsofaffin Jiragen Ruwan Yaƙi: A Fara Daga Ƙarfen Ƙasa

Jirgin ruwan yaƙi ba ya tsufa gaba ɗaya a lokaci guda. Gangar jikinsa ana ƙera ta ne da lissafin shekara 25 zuwa 30, injinan dizal kan kai haka idan sun samu kulawa, amma kwamfutoci da na'urorin rada da ke cikinsa kafin su cika shekara 15 sun zama tsohon yayi, wani lokaci ma kamfanin da ya yi su ya daina ƙera kayan gyaransu. Rundunar da ba ta da kuɗin sayen sababbi dole ta san yadda za ta ja ran waɗanda ke hannunta. Najeriya na cikin wannan sahu. NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm+Voss ya ƙera a Hambog ta Jamus, ya shiga aiki a 1982, kuma a 2023 aka sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya kan sabunta shi. NNS Thunder da NNS Okpabana sun girme shi nesa, domin tun ƙarshen shekarun 1960 suke aiki a hannun dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka, kafin a miƙa na farko a 2011, na biyu a 2014.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da jerin makamai: wane makami mai linzami za a saya, wace rada za a ɗora. Wannan kamar sa sabon kwano ne a kan azarar da gara ta gama da ita. Tsarin da ke aiki ya bi ta ƙasa zuwa sama: ƙarfen jiki, bututu, nauyi, wutar lantarki, sanyi, sannan makamai.

Wanne za a gyara, wanne za a sallama

Kafin a taɓa ko kusa ɗaya, a zauna a amsa tambayoyi biyu a rubuce. Shekara nawa ake so kowane jirgi ya ƙara, kuma wane aiki zai yi a cikinsu? Jirgin da za a riƙa tura shi sintiri a mashigin tekun Gini don maganin 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai, abin da yake buƙata inji ne mai juriya, rada mai ganin ƙananan kwale-kwale, igwa mai aiki, wurin saukar jirgi mai saukar ungulu da ƙananan jiragen kai samame. Ba ya buƙatar kayan kakkaɓo jiragen sama na biliyoyi. Idan ba a rubuta wannan tun farko ba, kowane sabon shugaba da ya zo zai ƙara nasa buri, aikin ya yi ta kumbura.

Daga nan sai lissafi mai sauƙi: a raba kuɗin sabuntawa da shekarun da jirgin zai ƙara a bakin aiki, a kwatanta da kuɗin sabon jirgi a raba da shekara 30. Shekarun da zai kwashe a wurin gyara ba sa cikin riba, a cire su. Ostareliya ta sa hannu a 1999 kan sabunta jiragenta shida samfurin Adelaide. Kuɗi ya ƙi isa, aka rage zuwa huɗu, aikin ya makara da shekaru, kuma zuwa 2019 duka huɗun sun bar aiki a rundunar, biyu daga ciki aka sayar wa Chile. Na Amurka ya fi muni. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokinta ya bayyana a ƙarshen 2024 cewa an kashe wajen dala biliyan 3.7 kan manyan jirage bakwai samfurin Ticonderoga, uku kawai za su kammala, kuma dala biliyan 1.84 ta tafi a kan huɗu da aka sallama ba tare da sun koma fagen aiki ba.

Saboda haka idan akwai jirage iri ɗaya guda biyar, sau da yawa hikima ita ce a zaɓi uku mafi lafiya, a mayar da sauran biyun rumbun kayan gyara. Famfo, bawul, kan silinda, allon lantarki, duk abin da aka daina ƙerawa, a cire shi a tsanake, a shafa masa mai, a rubuta lambarsa, a ajiye a ɗaki mai na'urar cire danshi. Abin da aka bari a cikin jirgin da ke daure a bakin ruwa mai gishiri, cikin shekara biyu ya zama tarkace.

Binciken jiki, inda gaskiya take ɓuya

Ba a sa hannu kan farashi kafin a ga ƙasan jirgi. A shigar da shi busasshen kwarmin gyara, irin wanda rundunar sojan ruwan Najeriya ke da shi a Victoria Island a Legas, a zuƙe ruwa, a wanke jikin da ruwa mai matsi, sannan a auna kaurin ƙarfe da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta karanta dawowarsa. Ana zana layuka a jikin jirgin, a ɗauki awo a kowane faranti sau da dama, a kwatanta da kaurin da ke cikin zanen asali. Hukumomin tantance jiragen ruwa irin su Lloyd's Register da DNV kowace na da jadawalinta, amma a dunƙule farantin da ya rasa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na kaurinsa yankewa ake yi a sa sabo. Jirgin yaƙi ba kamar tankar mai ba ne, fatarsa siririya ce don ya yi gudu. Farantin milimita 10 da ya koma 7.5 ya riga ya kai iyaka.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne jirgi ya fi ruɓewa daga ciki. Wajen yana samun fenti duk lokacin da aka hau kwarmi, cikin kuwa akwai wuraren da ba wanda ya leƙa tun ranar da aka ƙera shi. A duba waɗannan da kyau: ƙasan ɗakin inji inda ruwa da mai ke kwanciya, ƙarƙashin gindin injuna da famfuna, tankunan ruwan daidaita jirgi, tankin bahaya, akwatin da sarƙar anga ke taruwa, ƙarƙashin tayil na banɗaki da kicin, bayan abin rufin bango mai hana zafi inda raɓa ke taruwa, da akwatunan shan ruwan teku da ke ƙasan jirgi. Tankin man dizal ma yana da nasa ciwon. Ruwa kan kwanta a ƙasan man, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a tsakaninsu, su riƙa fitar da sinadarin da ke huda ƙarfe rami-rami. Awo zai iya nuna farantin lafiya lau alhali taku ɗaya daga wurin akwai ramin da ya kusa ɓullewa, don haka sai an kwashe man, an wanke tankin, an gwada iskar ciki, mutum ya shiga da fitila ya gani da idonsa.

Jirage da yawa na shekarun 1960 zuwa 1980 ginin samansu na alminiyom ne a kan jikin ƙarfe. Alminiyom ɗin da ya daɗe yana shan zafin rana da na hayaƙin inji yakan canza daga ciki, ya fara tsagewa, kuma idan aka yi masa walda a haka sai tsagar ta ɓullo a gefen waldar. Jiragen Ticonderoga sun sha wannan. A gwada ƙarfen kafin walda, inda ya lalace a yanke har zuwa wuri mai lafiya. A duba kuma mahaɗar alminiyom da ƙarfe, domin ƙarafa biyu daban idan ruwan gishiri ya haɗa su, ɗaya ne ke cin ɗaya.

Duk yadda aka yi bincike, sai an buɗe jirgi ake ganin sauran. Birtaniya ta ga haka da jiragenta samfurin Type 23, waɗanda aka tsara su yi shekara 18 amma suka haura 30: gyaran HMS Iron Duke ya ci wajen shekara huɗu da fam miliyan ɗari da 'yan kai, HMS Westminster da HMS Northumberland kuwa da aka ga halin da jikinsu ke ciki sai aka haƙura da su a 2024. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin aikin jiki don abin da zai ɓullo, kuma a daidaita farashin kowane kilo na sabon ƙarfe da kowace mita ta bututu tun a cikin kwangila. Wanda ya bari sai jirginsa na kan kwarmi a farke sannan ya zauna ciniki, ɗan kwangila ne zai yanka masa farashi.

Fenti kuwa ba ado ba ne, shi ne ke tsare duk aikin da aka yi. A kankare jiki da yashin feshi har ya kai matakin da ake kira Sa 2.5, wato ƙarfen ya fito fes kusan babu tsatsa ko tsohon fenti, a gwada gishirin da ya rage a kan ƙarfen, idan ya yi yawa a sake wankewa da ruwan daɗi. Kada a yi fenti idan danshin iska ya wuce kashi 85 cikin ɗari, ko idan zafin ƙarfen bai ɗara matakin saukar raɓa da digiri 3 ba. A Legas ko Fatakwal da damina, wannan na nufin a rufe wurin da tamfol a sa injin cire danshi, in ba haka ba fentin zai kumbura cikin 'yan watanni. A shafa fentin ifoksi sau biyu, kowanne kaurinsa wajen maikiron 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sannan fentin hana ƙwari da gansakuka manne wa jiki. Tsohon fenti mai sinadarin TBT an haramta shi a duniya tun 2008, idan an same shi a cire ko a rufe shi. A ƙarshe a sabunta dunƙulen zinki da ake mannawa don tsatsa ta ci su a madadin jirgi.

Bututu shi ne abin da kowa ke rainawa, shi ne kuma ke kwantar da jirgi bayan an gama biki. Bututun ruwan teku na gaurayen jan ƙarfe da nikel yana cinyewa a gwiwa da bayan bawul idan gudun ruwan ya wuce kusan mita 3 a daƙiƙa. Wanda ya sa famfo mafi ƙarfi bai faɗaɗa bututu ba, ya gajarta ransa da hannunsa. Duk bawul da ke manne da jikin jirgi a ƙarƙashin ruwa a cire shi a gwada, domin ba a iya taɓa shi sai a kwarmi. Robobin da injuna ke zaune a kai da tiyo masu lanƙwasa suna da wa'adi, yawanci kusan shekara goma, a canza su duka ko da sun yi kyau a ido. Jirgin da aka ƙera kafin shekarun 1980 a ɗauka akwai asbestos, wani zare mai hana zafi da ke cutar da huhu, a rufin bututunsa har sai gwaji ya nuna babu, cire shi kuma aikin ƙwararru ne masu kayan kariya.

Nauyi

Kowane jirgi yana ƙara nauyi da shekaru: fenti a kan fenti, wayoyin da aka daina amfani da su aka bari, kabad, na'urar sanyaya ɗaki, duk abin da wani ya ɗora bai rubuta ba. Mafi yawansa kuma a sama yake, wanda ke ɗaga cibiyar nauyin jirgi ya rage masa ƙarfin miƙewa idan igiyar ruwa ta karkatar da shi.

Kada a yarda da takardun da. A yi gwajin karkatarwa: a ranar da ba iska, a sassauta igiyoyi, a auna abin da ke cikin kowane tanki, a ɗora nauyin da aka sani a gefe guda a matsar da shi ɗaya gefen, a karanta karkatar da lilon awo, digiri 1 zuwa 4 kawai ake nema. Daga nan ake fitar da ainihin nauyin jirgin da tsayin cibiyarsa. Ana yin wannan kafin aiki da bayansa.

Ga misali da lissafi don a ga yadda abin yake. Jirgi mai tan 3,000, cibiyar nauyinsa na mita 6 daga ƙashin bayansa, wato can ƙasan gindinsa. Aka ɗora sabuwar rada da hasumiyarta mai tan 10 a tsayin mita 20. Cibiyar za ta hau da kusan santimita 5. Kamar ba komai, amma don a mayar da ita inda take, sai an shimfiɗa tan 28 na dalma ko ƙarfe a tsayin mita 1 daga ƙasa. Tan 10 ta zama 38, jirgin ya ƙara nutsewa, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. Lokacin da Ostareliya ta ɗora wa jiragenta samfurin Anzac radar CEAFAR a kan sabuwar hasumiya, sai da ta ƙara musu nauyin ƙasa ta kuma rufe buɗaɗɗen bayansu don su samu ƙarin ƙarfin tashi a ruwa. A naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai rubuta kowane kilo da ya shiga ko ya fita, da wurin da yake. A kuma zare matattun wayoyi har ƙarshensu maimakon a yanke baki a bar su a bango, a tsohon jirgi tan-tan ake samu a nan.

Inji, wuta da sanyi

Aradu da jiragen da aka samo daga Amurka duk tsarinsu ɗaya: dizal don tafiyar yau da kullum, injin gas irin na jirgin sama don gudu. Na Aradu Rolls-Royce Olympus ne da dizal na MTU, na Thunder da Okpabana Pratt & Whitney ne da Fairbanks-Morse. Injin gas ɗin ne ke da tsada da wuyar kaya, ga shan mai. Idan aikin da aka rubuta wa jirgin sintiri ne, a yi tunani sosai ko ana buƙatarsa. Sai dai cire shi ba kyauta ba ne, domin nauyi ne mai yawa a ƙasan jirgi, kuma sai an sake lissafin daidaito.

Idan za a canza dizal, sabon ya dace da giyabos ɗin da ke nan ta fuskar gudun juyawa da ƙarfi, a kuma yi lissafin girgizar murɗawa na layin gaba ɗaya daga inji zuwa farfela, in ba haka ba mahaɗi ko haƙoran giya za su riƙa karyewa ba a san dalili ba. Giyabos kansa a bar shi in dai zai gyaru, shi ne abin da ya fi daɗewa kafin a ƙera. Ajantina, wadda ta sayi jirage huɗu 'yan uwan Aradu, ta sha wahalar kayan injinan Birtaniya tun bayan yaƙin 1982, wanda ke nuna cewa ƙasar da kaya suka fito tana cikin lissafi kamar ingancinsu. Daidaita sandar farfela da inji kuwa ana yin na ƙarshe ne bayan an gama duk wata babbar walda kuma jirgi na kan ruwa, domin surar jikinsa a kan katakon kwarmi daban take da ta kan ruwa. Wanda ya daidaita a kwarmi ya ɗaure, zai ga beyarin na zafi a fitar farko.

Wutar lantarki ita ce ke yanke hukuncin abin da za a iya ɗorawa. A rubuta kowace na'ura da abin da take ja a yanayi huɗu: a tashar ruwa, a tafiya, a shirin yaƙi, da lokacin gaggawa. Ƙa'idar ita ce ko janareta ɗaya ya mutu, sauran su ɗauki nauyin shirin yaƙi, kuma a bar rarar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari don gaba. Yawancin jiragen yaƙin da aka ƙera a Yamma suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 440 mai juyi 60 a daƙiƙa, wutar gari a Najeriya kuwa mai juyi 50 ce, don haka sai an tanadi na'urar sauyawa a bakin tasha, in ba haka ba janaretocin jirgi za su yi ta aiki dare da rana yana ɗaure, su ƙare a banza. A gwada rufin kowace waya, wadda ta gaza megohom 1 a awon hana wuta zurarewa a bi ta a gano ciwonta.

Sanyi shi ne tagwayen wuta. Duk wutar da rada da kwamfuta suka ja, zafi take komawa, kuma injin sanyaya ruwa ne ke kwashe shi, yana ba da ruwa mai digiri 6 zuwa 7. Jirgin da aka tsara don tekun arewa idan ya zo mashigin Gini, inda ruwan teku kan kai digiri 28 zuwa 29, ƙarfin sanyayawarsa raguwa yake yi tun kafin a ƙara masa komai. Birtaniya ta gani da jiragenta Type 45, waɗanda ba tsofaffi ba ne ma: wani sashe na injin gas ɗinsu ya riƙa gazawa, musamman a ruwa mai ɗumi, wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Maganin da aka sa wa hannu a 2018 kan fam miliyan 160 shi ne a farke gefen kowane jirgi, a fitar da janareta biyu, a sa uku mafi ƙarfi. A tsohon jirgi kuma iskar sanyi ta R-12 ko R-22 da iskar kashe gobara ta halon duk an daina su ko ana kan daina su ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, gara a canza tsarin yanzu da jirgi ke buɗe.

Sai makamai

Yanzu ne aka san nauyin da ya rage, wutar da ke akwai da sanyin da za a samu, sai a zaɓi abin da zai shiga ciki. Zuciyar aikin ita ce kwamfutar sarrafa yaƙi, wadda ke karɓar bayanai daga rada da na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa da kamfas, ta miƙa wa igwa. Sayen na'urori ba shi ne wuya ba, sa su su fahimci juna ne. Tsohuwar igwa irin OTO Melara mai milimita 76 ko 127 tana iya ƙara shekaru masu yawa idan an yi mata garambawul, amma da tsohon siginar lantarki take magana, sabuwar kwamfuta kuwa da lambobi, sai an sa akwatin fassara a tsakani, kuma wanda zai ƙera akwatin yana buƙatar takardun da ke bayyana siginar. A nemo waɗannan takardu kafin kwangila. Idan sun ɓata, a sa kuɗin auna siginar daga tushe a cikin kasafi.

Kamfani ɗaya ne zai ɗauki alhakin haɗa komai. Idan rada daga wannan ƙasa, kwamfuta daga waccan, kowanne da kwangilarsa, ranar da igwa ta ƙi bin abin hari kowa zai nuna ɗan uwansa. Kanada ta sabunta jiragenta 12 samfurin Halifax tsakanin 2010 da 2016 kan dalar Kanada biliyan 4.3, kuma ana yawan kawo ta a matsayin wadda ta yi daidai: mai haɗawa ɗaya, Lockheed Martin na Kanada da tsarinsa CMS 330, wuraren gyara biyu a gaɓar gabas da ta yamma, da gwada na'urorin a ɗaki a kan tudu kafin a kai su jirgi. Kuskuren manhaja da aka kama a ɗaki na kwana ɗaya ne, wanda aka kama a teku na wata ne. Filifin, wadda ke da 'yan uwan Thunder guda uku, ta bi hanya mai sauƙi da ta dace da ƙaramin kasafi: ta riƙe igwar milimita 76, ta sa radar Sea Giraffe ta kamfanin Saab da kwamfutar yaƙi ta Hanwha.

Abu biyu ake mantawa. Na farko, eriyoyi suna damun juna, sabuwar rada na iya kurmantar da na'urar sauraren siginar abokan gaba ko ta shiga rediyo, don haka a zana matsayin kowace a gwada a kwamfuta kafin walda. Na biyu, daidaita igwa da rada da kamfas a kan ma'auni guda ana yin sa ne jirgi na kan ruwa, da dare ko da asuba, domin rana na dumama gefe ɗaya ta lanƙwasa jirgin kaɗan. Kuskuren digiri ɗaya a nisan kilomita 10 ya kai mita 175.

A kwangila a rubuta kayan gyara na aƙalla shekara biyu zuwa uku, kayan gwaji, littattafan gyara, lasisin manhaja, horar da masu gyara, da izinin fitarwa daga ƙasar da ta ƙera. Makami mai linzami yana da wa'adi kuma yana buƙatar ma'aji mai sanyi da gwaji lokaci-lokaci, wanda ba shi da kuɗin wannan kada ya saya.

Lokacin da jirgi ke kwance

Kada a shigar da jirgi wurin gyara sai manyan kaya sun iso ko suna hanya. Janareta, rada da manyan bawul kan ɗauki wata 12 zuwa 24 daga oda zuwa isowa. Jirgin da aka farke aka bari yana jiran kaya ko jiran sakin kuɗi lalacewa yake yi fiye da wanda ke teku: robobi su bushe, famfo su ƙame, danshi ya shiga allunan lantarki. Wannan na cikin abin da ya kashe aikin Ticonderoga, inda aka rage ma'aikatan jiragen aka ajiye su shekaru kafin a fara. A bar ƙaramar tawaga a kowane jirgi, su riƙa juya injuna da hannu, su kunna na'urar cire danshi, su sa ido kan aikin ɗan kwangila. Ba a shigar da jirage duka a tare. A fara da ɗaya, a gama, a gwada, a gyara zane da abin da aka koya, sannan na biyu ya shiga.

Wurin gyara ya fi teku haɗari ga jirgi. A ranar 12 ga Yuli 2020 wuta ta tashi a jirgin Amurka USS Bonhomme Richard a San Diego, ana dab da kammala masa gyaran kusan dala miliyan 250, ta ci fiye da kwana huɗu, ƙarshenta yanka shi aka yi. Bincike ya nuna yawancin wuraren kashe gobara na cikinsa ba sa aiki, wayoyi da tiyon 'yan kwangila kuma sun ratsa ƙofofi sun hana a rufe su. Don haka: ba walda sai da takardar izini ta ranar, mai gadin wuta a ɓangarori biyu na bangon da ake yi wa walda, ya kuma tsaya aƙalla minti 30 bayan an gama. Duk waya ko tiyo da ta ratsa ƙofa ta kasance da mahaɗin da ake cirewa nan take. Idan an kashe babban bututun kashe gobara, a shimfiɗa na wucin gadi daga tudu kafin a kashe. Shara da kwali da tsumman mai a fitar da su kowace yamma. Fitar da jirgi daga kwarmi ma sai da sabon lissafin daidaito, domin an cire injuna, tankuna babu komai. INS Betwa ta Indiya ta kife a gefenta a Mumbai a Disamba 2016 ana cikin fitar da ita, mutum biyu suka rasu.

Gwaji hawa-hawa ne: a masana'anta kafin a ɗauko kaya, a bakin tasha bayan an ɗaura, sannan a teku, inda za a yi cikakken gudu na sa'o'i, juyawa, tsayawar gaggawa, kashe janareta da gangan don a ga ko ɗayan zai karɓa, da harbi na gaske a kan abin hari. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an rufe duk matsalolin da aka rubuta. Ma'aikatan da za su karɓi jirgin su iso watanni kafin gwajin tasha, su bi kowane bututu da waya tare da masu ɗaurawa, kuma waɗanda aka tura horo ƙasar waje a bar su a wannan jirgi aƙalla shekara biyu kafin a yi musu canjin wurin aiki. Zanen jirgin a sabunta shi ya nuna abin da aka ɗaura a zahiri, kwafi ɗaya a cikin jirgi, ɗaya a wurin gyara, ɗaya a hedikwata, tare da sakamakon awon kaurin ƙarfe da na gwajin karkatarwa, waɗanda za a kwatanta da su a hawan kwarmi na gaba bayan shekara huɗu zuwa biyar.